Yabon Gwani Ya Zama Dole, Amma Wane Gwanin?

A wannan watan ina so mu ɗan jingine zancen soyayya da rawa da waƙa, mu ɗaga kai mu dubi sama. Abin da ya jawo haka wata tsohuwar magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wajen shekarar 2002 ne, lokacin da kaset ɗin fim ɗin Pearl Harbor ya shigo gari. Mun taru a zauren wani abokinmu bayan sallar isha'i, an tayar da janareto, yara sun toshe ƙofa. Aka zo wurin da matuƙan Amurka biyu suka samu suka tashi sama suna fafatawa da jiragen Japan. Duk jirgin da ya kama da wuta sai zauren ya kaure da sowa, ana "Ya aika shi! Ya aika shi!" A bakin zauren akwai wani dattijo maƙwabcinsu, ɗan mazan jiya, wanda ya je yaƙin Bama. Ba kallo ya kawo shi ba, iska yake sha. Can sai ya leƙo ya ce, "Kai yaran nan, shi wancan da ya ƙone a ciki, ba uwa ce ta haife shi ba?" Muka bushe da dariya, wani ya ce, "Haba Baba, ai fim ne." Ya ce, "Na sani, ɗana. Ni na ga na gaske." Ka lura fa, mutanen Japan ɗin nan su ya yaƙa a dajin Bama. Allah Ya yi masa rasuwa tuni, amma tambayarsa ba ta bar ni ba. Ita ta sa na shiga bin labaran matuƙan jiragen yaƙi da littattafan da suka rubuta kan rayuwarsu, ina neman amsar abu guda: idan mutum ya gwanance wajen kisa, kuma ya yi jarumta ta gaske, wane irin yabo yake bin mu bashi?

Bari mu fara da yadda aka yi matuƙin jirgi ya zama tauraro. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin ƙasa suna cikin ramuka da taɓo, suna mutuwa dubu-dubu ba wanda ya san sunansu. A ranar 1 ga Yuli, 1916 kaɗai, ranar farko ta gwabzawar da aka yi a kogin Somme na Faransa, Ingila ta rasa sojoji kusan 20,000. Irin wannan labari ba ya ƙarfafa gwiwar mutanen gida. Amma can a sama ga saurayi shi kaɗai cikin jirginsa, yana karo da wani saurayin, kamar 'yan dambe biyu a fage. Akwai fuska, akwai suna, akwai lissafi. Jaridun Faransa suka fara laƙaba wa irin wannan matuƙi sunan katin da ya fi kowanne daraja a wasan karta, aka kuma saba cewa wanda ya kakkaɓo jirage biyar ya shiga sahun gwanaye. Gwamnatoci suka ga abin nema ya samu.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Manfred von Richthofen na Jamus, mai jan jirgi, wanda aka lissafa masa jirage 80. Ɗan gidan sarauta ne, maharbi tun yana yaro, kuma da idon maharbi ya dubi yaƙin. Duk jirgin da ya kakkaɓo sai ya sa wani maƙerin azurfa a birnin Balin ya ƙera masa ɗan ƙaramin kofi, a zana kwanan wata da irin jirgin a jiki. Sai da ya tara 60 kafin azurfa ta yi ƙaranci a Jamus. A 1917 hukumomin soja suka sa shi ya rubuta tarihinsa, suka tace, suka buga don ƙarfafa zukatan jama'a. Daga baya, bayan an harbe shi a ka ya sha jinya, shi da kansa ya nuna cewa littafin ya cika fankama, kuma shi ba mutumin da ke ciki ba ne yanzu. An kashe shi ranar 21 ga Afrilu, 1918, yana da shekara 25. Abokan gabarsa, sojojin Ostireliya, su suka binne shi da girmamawar soja. Har a mutuwar tasa lissafin bai tsira ba: an ba wani matuƙi ɗan Kanada, Roy Brown, lambar kashe shi, amma yawancin masana tarihi a yau sun fi karkata ga cewa wani sojan ƙasa ne ya harbo shi daga ƙasa. Ka ga ko a nan, na sama ya kwashe yabon na ƙasa.

To, mai karatu, ka san kirari. Ka taɓa tsayawa a fagen dambe ka ji ɗan dambe yana lissafa waɗanda ya kayar, gari-gari, suna-suna. Ka taɓa jin ya lissafa inda aka kayar da shi? Littafin da jarumi ya rubuta kan kansa kirari ne da aka zuba a takarda. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne, ta fi daɗi. Sai dai daɗi daban, cikar labari daban. Wanda ya rayu shi ke riƙe da alƙalami. Wanda ya ƙone a cikin ɗaya jirgin ya koma lamba a shafi na kaza.

Ita kanta lambar ba abar rantsuwa ba ce. A ranar 15 ga Satumba, 1940, lokacin da jiragen Hitila suka yi wa birnin Landan taron dangi, Ingila ta ba da sanarwar ta kakkaɓo jirage 185. Bayan yaƙi da aka buɗe takardun Jamus, sai aka ga kusan 60 ne. Kada ka yi saurin cewa maƙaryata ne. Faɗan sama cikin 'yan daƙiƙoƙi ake yinsa. Mutum uku za su harbi jirgi ɗaya, kowa ya koma gida ya ce shi ya kayar da shi. Wani jirgin zai yi hayaƙi ya sulala ƙasa kamar ya mutu, ashe guduwa ya yi. Jamusawa ma haka suka riƙa yi, da Amurkawa, da Rashawa, da mutanen Japan. Kuma ko lambar ta tabbata, ba ita ke auna gwaninta ba. Erich Hartmann na Jamus an lissafa masa 352, babban gwanin Amurka Richard Bong kuwa 40. Dalili shi ne Amurka kan janye gwanayenta su koma gida su koyar da sababbi, Jamus kuwa tana barin nata a fage har sai sun mutu ko sun naƙasa. Hartmann ya tashi sama yaƙi fiye da sau 1,400.

Amma matsalar lissafi ƙarama ce. Babbar tana wajen abin da littafi da fim suka zaɓi su yi shiru a kansa. Ɗauki labarin mutum biyu, Douglas Bader na Ingila da Adolf Galland na Jamus.

Bader ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi a Disambar 1931. Aka yi masa na ƙarfe, ya koyi tafiya ba sanda, da yaƙi ya ɓarke ya matsa lamba har aka mayar da shi cikin jirgi, ya kuma jagoranci runduna. A Agustan 1941 jirginsa ya faɗo a Faransa, ƙafa ɗaya ta maƙale a ciki, Jamusawa suka kama shi. Galland, wanda shi ke jagorantar rundunar jiragen Jamus a yankin, ya karɓe shi da mutunci, har ya bar shi ya zauna a cikin jirgin yaƙinsu. Aka aika wa Ingila saƙo, suka jefo masa sabuwar ƙafa da lema. Bayan yaƙi su biyun suka zama abokai. Marubuci Paul Brickhill ya rubuta tarihin Bader mai suna Reach for the Sky a 1954, aka mayar da shi fim a 1956, Kenneth More ya fito a matsayinsa, mutum mai fara'a da raha. Galland kuma ya fitar da nasa littafin a 1953, wanda ma'anar sunansa ita ce Na Farko da Na Ƙarshe, daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashawartan fim ɗin Battle of Britain na 1969. Wallahi labari ne mai daɗi, irin wanda ko marubucin soyayya zai yi sha'awar a ce shi ya ƙaga shi.

Yanzu ga abin da fim bai nuna ba. A kurkukun Colditz, inda Jamusawa ke tsare fursunonin da suka addabe su da yunƙurin tserewa, akwai wani ƙaramin soja ɗan Sikotilan da ke yi wa Bader hidima, yana goya shi a baya yana hawa da sauka da shi a matakala. A 1943 dama ta samu a mayar da shi gida cikin musayar fursunoni, domin shi ma'aikacin jinya ne. Kamar yadda shi sojan ya ba da labari daga baya, Bader ya hana, ya ci gaba da zama a tsare har ƙarshen yaƙi. Shi wannan Bader ɗin kuma shi ne ya shafe sauran rayuwarsa yana ziyartar waɗanda aka yanke wa gaɓoɓi yana ƙarfafa musu gwiwa, har Sarauniya ta ba shi lambar girma a 1976 saboda haka. Duka biyun mutum ɗaya ne. Fim ya ɗauki rabi ya bar rabi.

Shi kuwa Galland, littafinsa cike yake da saɓanin da ya yi da shugabansa Goering da kuma Hitila. Mai karatu zai fito yana ganin ai wannan ɗan adawa ne. Amma dubi a kan me ake saɓanin: a kan yadda za a yi amfani da jirage ne, da yadda za a ci yaƙin. Ko yaƙin ya halatta tun farko, wannan ba ita ce damuwarsa ba. Sabon jirgin nan mai tsananin gudu, Me 262, wanda ya yi ta yabo kuma ya tuƙa a 1945, da gumin mutanen da aka tilasta wa aiki aka ƙera da yawa daga cikinsu, har da fursunonin sansanonin gwale-gwale, a masana'antun ƙarƙashin ƙasa inda mutane da dama suka mutu. Kowace rana da gwanayen sama suka ƙara wa mulkin Hitila, rana ce da waɗannan sansanoni suka ci gaba da aiki. Sama ta yi tsabta a littafi domin ba a leƙo ƙasa ba.

Akwai wanda ya fi wannan. Hans-Ulrich Rudel, matuƙin jirgin jefa bama-bamai da ya tashi yaƙi sau 2,530, bai taɓa nadamar bin Hitila ba. Bayan yaƙi ya koma Ajantina yana taimaka wa 'yan Nazi masu gudun shari'a, ya dawo ya tsaya takara a jam'iyyar masu irin ra'ayinsu a 1953. Ka san wanda ya rubuta gabatarwar littafinsa a fassarar Turanci? Bader ne. Gwani ya ga gwani, ya yaba gwaninta, sauran kuma ya kau da kai.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. Za ka ce soja ba shi ke zaɓen yaƙi ba. Yaro ɗan shekara 20 da aka haifa a Jamus ko Japan, aka cika masa kunne tun yana makaranta, me kake so ya yi? Kuma da yawansu sun tashi ne don tare jiragen da ke zuba wuta a kan garuruwan iyayensu. Hartmann ma ai ya biya da shekara goma a tsare a hannun Tarayyar Sobiyat, sai 1955 aka sake shi. Wannan magana tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Shi ya sa ba na cewa a tsine wa kowa. Wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba ya yi hattara da yanke wa wanda ya ji hukunci. Tausayi ya kamace su, jarumtarsu kuma gaskiya ce.

Sai dai a ganina akwai bambanci tsakanin yaron da ke cikin jirgi da dattijon da ke riƙe da alƙalami. Yaron ba shi da lokaci, ba shi da cikakken sani, ga oda a kansa. Dattijon da ya zauna rubutu bayan shekara takwas ko ashirin ya riga ya ga hotunan sansanoni, ya ji shari'o'in da aka yi, ba wanda ya ɗora masa bindiga a ka. A nan yake da zaɓi, a nan kuma ya kamata mu auna shi. Jamus da kanta ta yi irin wannan awo. Werner Mölders shi ne matuƙi na farko da aka lissafa wa jirage 100, kuma an daɗe ana kiran wata rundunar jiragen yaƙin ƙasar da sunansa. A 2005 gwamnati ta cire sunan, saboda ya yi aiki a rundunar da Hitila ya aika Sifaniya don taimakon Janar Franco, rundunar da ta ragargaza garin Guernica a 1937. Ba wanda ya ce bai iya tuƙi ba. Cewa aka yi iya tuƙi bai isa a ce wa matasa su yi koyi da mutum ba.

Malamanmu kan tunatar da mu hadisin nan na mutumin da ya mutu a fagen fama, amma aka tuhume shi ranar hisabi da cewa ya yi yaƙin ne don a kira shi jarumi, kuma an kira shi. Idan har mutuwa a fagen fama ba ta wanke mutum ba sai an dubi dalilinsa, ina ga tarin kofunan azurfa?

Don kada ka ce na cika baƙin labari, akwai waɗanda alƙalaminsu ya ɗan sunkuya. Richard Hillary na Ingila an harbo shi a ranar 3 ga Satumba, 1940, fuskarsa da hannayensa suka ƙone, aka yi ta yi masa aiki a asibiti. Littafinsa The Last Enemy na 1942 bai ɓoye girman kansa na samartaka ba, bai ɓoye zafin ƙuna ba, kuma abokansa da suka mutu sun cika shafukansa da sunayensu da halayensu. Ya koma tuƙi da ƙonannun hannaye, ya mutu a haɗari lokacin atisayen dare a Janairun 1943, yana da shekara 23.

Sai Saburo Sakai na Japan. A Agustan 1942 an harbe shi a ka a sararin tsibirin Guadalcanal, idonsa na dama ya mutu, amma ya tuƙo jirginsa kusan awa biyar har ya sauka a sansaninsu na Rabaul. Littafin Samurai! da aka fitar da sunansa a Amurka a 1957, tare da marubuci Martin Caidin, ya ba shi jirage 64, lambar da masana da yawa ke ganin marubucin ne ya kumbura ta. Bayan yaƙi Sakai ya buɗe ƙaramar maɗaba'a, ya yi alwashin ba zai sake kashe ko sauro ba, ya kuma fito fili yana sukar shugabannin da suka tura samari ga halaka. A tsufansa ya ba da labarin wani jirgin fasinja da ya tare a sararin tsibirin Java a 1942, ga umurnin a harbo duk jirgin abokan gaba, amma da ya matsa kusa ya hango mace da yara ta taga, sai ya yi wa matuƙin alama ya wuce. Daga bakinsa muka ji, don haka shi ma kirari ne. Amma dubi abin da ya zaɓa ya yi kirari da shi. Ya rasu a shekarar 2000, bayan ya halarci wata liyafa a sansanin sojojin ruwan Amurka da ke Atsugi, cikin tsofaffin abokan gabarsa.

Kuma kada mu ɗauka ƙarin gishiri sai ga waɗanda ba mu so. Baƙaƙen fatar Amurka da aka horar a Tuskegee, waɗanda aka yi fim a kansu a 1995 da kuma Red Tails a 2012, an shafe shekara sittin ana cewa ba su taɓa barin abokan gaba sun harbo ko jirgi ɗaya daga cikin masu jefa bama-baman da suke rakiya ba. Binciken takardun rundunar ya nuna an harbo 27. Wasu suka ji haushi. Amma binciken ya nuna sauran rundunonin rakiya na fararen fata a wannan fage sun rasa kimanin 46 kowacce. Ashe gaskiyar ma ta ishe su ado, kuma ita ba mai iya ƙwace musu ita.

To ina muka kwana? Ni dai ban daina kallon finafinan yaƙi ba, ban kuma ce ka daina ba. Yabon gwani ya zama dole, zan yaba wanda ya tuƙa jirgi ba ƙafa, zan yaba wanda ya dawo gida da ido ɗaya. Amma yabon nan na gwaninta ne, iyakarsa ke nan. Kafin in ce mutum abin koyi ne sai na tambayi wa ya yi wa aiki, da kuma yadda ya ambaci waɗanda ya kashe lokacin da ya samu sararin yin magana. Marubutanmu da masu shirya finafinanmu ma abin ya shafe su, domin duk wanda ya ƙaga jarumi, shi ke yanke shawarar wanda za a yi wa kuka da wanda za a yi wa sowa.

Wata rana bayan wancan kallo na zauna da Baba ina tambayarsa labarin Bama. Na ɗauka zai ba ni labarin jiragen da ke faɗa a sama. Sai ya ce shi jiragen da yake tunawa su ne masu jefo musu buhunan abinci da lema a tsakiyar daji, domin ba don su ba da yunwa ta kashe su kafin harsashi. Daga baya na karanta cewa haka ne, runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944 ta sama ake kai mata kusan komai. Na tambaye shi ko ya san sunan ɗaya daga cikin matuƙan. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, su ma ai ba su san nawa ba."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kuma sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.